Kujerar Bayan Aji

Jiya da nake wucewa ta ƙofar ofishinku na ji ɗayanku yana cewa an turo shi sashen hutu. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa. Wai aikinmu na horar da malaman kwaleji ba komai ba ne illa a shirya taron bita, a sha shayi, a raba takardar shaida, a watse. Har ya ƙara da cewa koya wa malami koyarwa kamar ka ɗauki kifi daga Birnin Kebbi ka kai talla Argungu ne. Na yi dariya, don ni ma kusan haka na ce shekarar da aka turo ni. Tunda saura 'yan watanni in ajiye aiki, ku ja kujera in faɗa muku abin da na gani, in kun ga dama ku ɗauka.

Kayan aikin ba su da yawa. Kujera ɗaya a bayan aji, can kusurwa, inda kake ganin ɗalibai ba su ganinka sai sun waiwayo. Littafin rubutu mai kaurin bango, don a kan gwiwa za ka yi yawancin rubutunka. Agogon hannu, ba waya ba, domin da zarar ka ciro waya malam zai ɗauka ko ka gaji da shi ko muryarsa kake ɗauka. Sai guntayen fararen takardu ɗaure da roba. Majigin nan da kuke rububinsa daga baya ya zo, kuma za ku ji irin abin da ya ja mini.

Aikina na farko Hajiya Rabi ce ta ba ni. Ita ta kafa sashen nan, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, ba ta ɗaga murya amma manyan malamai kan gyara zama in ta shigo. Ta tura ni ajin wani matashi mai koyar da lissafi, ta ce in zauna awa biyu in rubuto abin da na gani. Na dawo da shafi uku na Turanci mai nauyi: darasi bai yi armashi ba, malam ba ya jan hankalin ɗalibai, akwai buƙatar gyara. Ta karanta har ƙarshe ta miƙo mini abina.

"Bello, wanga hukunci na, ba gani ba na," ta ce. "Alƙali nit tura ka ka zama? Koma ka diba. Kak ka kalli malam, kalli yara. Ƙarhe nawa alƙalami na hwarko yat tsaya? Wa yaɗ ɗaga hannu yas sauke?"

Na koma. Zango guda cur na yi ina zaman bayan aji, ba ta bar ni na yi wa kowa gyara ba ko sau ɗaya. A nan na koyi karanta ƙeyar mutum. Ɗalibin da ya gane yakan rubuta kaɗan ya ɗago kai. Wanda ya ɓace yakan rubuta komai, har tarin malam in da hali, yana yi yana leƙen littafin na kusa da shi. In ka ga 'yan layin baya sun fara gyara hula da mayafi lokaci guda, to malam ya daɗe yana magana da allo. Abin da za ka rubuta ke nan: ƙarfe tara da kwata ya juya baya, goma saura ashirin da biyar ya juyo. Mutum zai yi musu da ra'ayinka, amma da wuya ya yi musu da agogo.

Babban abin da za ku yi fama da shi a ƙasar nan tamu ba rashin kayan aiki ba ne. Malam ya gama bayani ya ce, "Kun gane?" aji ya amsa baki ɗaya, "Mun gane!" Kada ku ce mugunta ce ta sa su ƙarya. Tarbiyya ce. Garin nan garin malamai ne, yaro ya tashi yana ganin mahaifinsa na cire takalmi tun daga nesa in zai gaida malaminsa. Ka ce wa malam ba ka gane ba, a kunnen ɗalibinmu daidai yake da ka ce masa bai iya ba, kuma a bainar jama'a. To wa zai fara? Sai kowa ya haɗiye tambayarsa, malam ya fita da farin ciki, ɗalibai su fita a duhu, kowa ya tsare mutuncin kowa.

Dabarar da Hajiya ta samo ita ce guntayen takardun nan. Saura minti biyar a tashi sai a ba kowa ɗaya, ba suna ba lamba, ya rubuta abu guda da ya shige masa duhu, ya jefa a kwali. Abin da baki ya kasa faɗa sai ka gan shi a rubuce ɓaro-ɓaro. A shagon Emeka muke samo takardun, mai fotokwafi da buga wasiƙu a unguwar Nasarawa, wanda ya zo garin nan tun yana saurayi har Hausarsa ta koma ta Kabawa. Gefen takardun da yake yankewa ne yake tara mana a buhu. Kuma in kuna son sanin halin malaman kwaleji ku riƙa zama a bencinsa, don kusan duk takardar darasin da ake ba ɗalibai ta hannunsa take bi. Ya san mai sabunta tasa duk shekara, ya san wanda tasa ta yi baƙi don yawan kwafi a kan kwafi.

Masu zuwa hannunmu iri-iri ne. Akwai sabon ɗauka, bara ya gama karatu bana an ba shi aji. Shi ba shi da wuya, tsoro ne kawai ke sa shi gudu da magana kamar ana binsa. Na taɓa samun wata malamar kimiyya da ke gama darasin awa biyu cikin minti arba'in, sauran lokacin ta tsaya tana jujjuya alli. Takan yi tambaya, kafin kowa ya buɗe baki ta amsa wa kanta. Kofin ruwa na sa ta riƙa ajiyewa a tebur, in ta yi tambaya sai ta kurɓa tukuna. Cikin kurɓar nan ɗalibai suka fara magana, kuma yanzu ita ce shugabar sashensu. Akwai wanda ya dawo daga karatu a waje yana magana ta hanci, shi ma kada ku damu da shi, zafin Birnin Kebbi da idon ɗalibai kan gyara shi cikin zango ɗaya. Mai wuya shi ne dattijon da ya shekara talatin yana abu ɗaya ba wanda ya taɓa ce masa uffan. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wanda ya fara faɗin haka bai taɓa shiga ofishin babban malami da fom a hannu ba.

Shi ya sa Hajiya ke da ƙa'ida. Ba a shiga ajin mutum sai an gaya masa duk abin da za a yi. In an fito kuma ba a maganar a gaban kowa, sai a ja shi gindin bishiya ko a bi shi gida, a fara da tambayarsa yadda shi ya ga darasin. Na san wannan ƙa'ida kamar sunana. Ku riƙe wannan, don ku san cewa abin da na yi daga baya ba rashin sani ba ne.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda Hajiya ta yi ritaya aka ba ni sashen. A shekarar ne aka sayo mana majigi. Na shirya bita ta kwana uku, na tara malamai cike da babban ɗakin taro, na sa aka rufe tagogi don hoto ya fito, a tsakiyar bazara. Kwana uku ina tsaye ina yi musu lacca a kan illar yawan lacca. Na ce a bar ɗalibi ya yi magana, na faɗa na nanata, ban bar ko mutum ɗaya ya yi magana ba. Da na gama na ce, "To, jama'a, an gane?" Suka ce, "An gane, ranka ya daɗe!" Na koma gida ina jin kaina. Bayan sati biyu na zagaya azuzuwa, ko alli ba a canja wa wuri ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu.

Ana cikin haka mai duba jarrabawa daga waje ya zo sashen aikin gona. Mutumin bai tsaya ga takarda ba. Ya ɗebo ƙasa iri uku a faranti ya ajiye gaban 'yan ajin ƙarshe, ya ce su nuna masa wadda za ta riƙe ruwan shinkafa. Yaran da suka haddace sunayen ƙasa da Turanci, har da irin ta garuruwan da ba su taɓa gani ba, suka yi tsuru-tsuru. Wasu ma tsoron taɓawa suke kada su ɓata riga. Kuma su ne za a tura makarantu su koyar da noma. Mutumin ya rubuta abin da ya rubuta ya tafi.

Mai koyar da ilimin ƙasar noma shi ne Malam Haruna, mutumin Argungu, saura shekara uku ya yi ritaya. Shi ya koyar da ni wannan kwas ɗin lokacin ina ɗalibi, kuma shi ya taka har gidanmu ya roƙi mahaifina ya bar ni in ci gaba da karatu sa'ad da ake son in zauna kasuwa. Shugaban kwaleji ya kira ni ya ce in je in duba ajinsa in kawo rahoto kafin ƙarshen zango. In ba a ga canji ba za a karɓe kwas ɗin a ba wani, shi kuma a ba shi ofis da kujera ya zauna har lokacinsa ya cika. Ku da kuke yara za ku ce ai hutu ne. Ga mutumin da duk unguwarsu ba a san shi da wani suna ba sai Malam, a raba shi da aji da sauran ƙarfinsa binne shi ne da rai, kuma da hannuna ake so a yi.

Ranar Talata na shiga ajinsa. Ya tarbe ni da murna, ya ce wa ɗalibai, "Ɗana na wanga, ku gaishe shi," har ya so ya ajiye mini kujera a gaba, da ƙyar na samu na sulale baya. Ya buɗe littafinsa mai baƙin bango. Tun daga inda nake na gane shi, shi ne na zamaninmu. Ya fara karantowa ana rubutawa, murya garau, yana faɗin inda za a sa waƙafi da inda za a sa aya, kalma mai wuya ya rarrabe ta baƙi-baƙi. Mutum ne da ba ya latti, ba ya fashi, ba ya zagi. Awa biyu ba wanda ya ɗago kai. Da ya rufe littafi ya yi tambayar nan, aji ya ba shi amsar nan.

Sai na miƙe na fara raba guntayen takardu. Ban gaya masa zan yi ba. Yana tsaye riƙe da littafinsa yana kallona ina yawo da kwali cikin ajinsa. Bai isa ba, na ɗauki kwalin na bi shi ofis, inda wasu matasan malamai biyu da suke ɗaki ɗaya da shi ke zaune, na juye masa a tebur. A raina wai ina son ya ga gaskiya da idonsa, mu gama da wuri. Sabon muƙami ne ke ɗibata.

Ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya ɗauki ta biyu. A ta uku wani ya rubuta cewa tun farkon zango bai gane komai ba, haddacewa kawai yake. Malam ya tattara su a hankali, ya daidaita bakinsu, ya mayar cikin kwali.

"Ka gama, ranka shi daɗe?" ya ce. Mutumin da ke kirana Bello tun ban fara gemu ba.

"Na gama, Malam."

"To, Allah shi saka da alheri."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na juya na fita.

Ranar Alhamis na biya shagon Emeka ɗaukar wasu takardu. Ya ja ni gefe.

"Malam Bello, mi kay yi ma Baba Haruna? Jiya ya zaka in buga mai takardar barin aiki. Na ce mai inji ya lalace, shi dawo Litinin." Ya nuna injin da haɓa. "Lahiya lau shike. Kwana huɗu gare ka."

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai gidan Hajiya Rabi. Na same ta tana tsintar shinkafa a tire, ta saurare ni ba ta ɗago ba har na kai ƙarshe.

"Ita takarda ba ta da kunya," ta ce, "amma kai ai kana da ita. Ina ka taɓa ganin an yi ma babba gyara da tsaye, gaban ƙannenai? Tahi gida ka ishe shi. Kak ka tai da fom, kak ka tai da amsa. Tahi da tambaya, kuma ta zan wadda ba ka san amsarta ba, don in ta wasa ta shina ganewa."

Asabar da safe na shiga mota zuwa Argungu. A gida aka ce yana gona wajen Gulma, lokacin dashen rani ne. Na hau babur ɗin kabu-kabu har bakin fadama, sauran na taka da ƙafa. Tun daga nesa na hango shi cikin ruwa, wando naɗe har gwiwa, manoma biyar ko shida sun kewaye shi. Na tsaya a kan kunya, ban yi sallama ba tukuna, don wani dattijo mai furfura ne ke kai masa kuka. Ya ce fangalin shinkafarsa shan ruwa yake kamar rariya, injin ban ruwa na aiki yini guda, da safe ka zo ka ga ƙasa ta tsotse.

Na zaci Malam zai yi masa bayani. Bai yi ba. Ya ce ya je ya ɗebo ƙasar gonarsa cikin tafin hannu. Da ya kawo ya ce ya ɗiga mata ruwa kaɗan ya cuɗa.

"Murza ta da yatsa. Mi kaj ji?"

"Tsaki-tsaki nika ji, Malam."

"Mulmula ta awa igiya. To, lanƙwasa."

Ta gutsure tun kafin ta lanƙwasu. Sai Malam ya sa shi ya ɗebo ta nan inda suke tsaye ya yi mata haka. Wannan ta mulmulu sumul, ta lanƙwasu ta haɗe kamar awarwaro.

"To, wace ta ka riƙe ruwa?"

Dattijon ya dubi hannunsa na dama ya dubi na hagu, ya yi salati, ya ba kansa amsa. Malam bai ƙyale shi a nan ba. Ya sa aka ɗebo ta wata gonar ya ce, "Yi in gani." Wani ya cika wa tasa ruwa ta zama kunu, ya sa shi ya sake. Wani kuma ya ce, "A'a Malam, ni ban yarda ba, tawa baƙa ta amma ba ta riƙe ruwa," Malam ya yi dariya ya ce ya ɗebo ta a gani, ai ba launi ake tambaya ba. Sabo ya sa na duba agogo. Kusan awa guda ina tsaye, bai taɓa yin maganar da ta wuce minti biyu a jere ba, kuma ko sau ɗaya bai tambayi kowa ko ya gane ba. Ba ya buƙata, yana gani a hannunsu. Duk abin da na yi kwana uku ina haskawa a bango, ga shi nan ana yinsa cikin taɓo, kuma mai yinsa shi ne wanda aka ce in rubuta bai iya koyarwa ba.

Na cire takalmi na shiga ruwan, na rusuna iya yadda taɓo ya bari na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Da mutanen suka koma gonakinsu na ce na yi rashin ladabi, ya yafe mini. Ya ce ya wuce, amma da irin muryar da ke nuna bai wuce ba. Sai na yi tambayar da ta cika mini ciki, wadda da gaske ban san amsarta ba.

"Malam, don mi ba ka yin haka kwaleji?"

Ya dube ni kamar na zautu.

"Wanga noma na, Bello. Wancan karatu na. Ɗiyan mutane sun baro gona sun zaka boko, in sake kai musu laka? Uwayensu su ce mi? Mu haka anka koya muna, malam shi karanta, kai ka rubuta. Wanda yak koya mani ko sau guda bai taɓa ƙasa ba gabanmu."

A nan na gane. Ba kasala ba ce, ba jahilci ba ne. Girmama boko ne ya sa kullum yake ajiye abin da ya fi iyawa a ƙofar kwaleji, ya shiga da littafi kaɗai. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, don da fom ɗina na bi da na kashe mafi iya koyarwa a cikinmu.

Ban ce masa ya canja komai ba. Na ba shi labarin bitata, tun daga rufe tagogi har amsar da malamai suka ba ni. A nan ya yi dariyar farko.

"Kwana ukku kana magana? Ba su jehe ka ba?"

Na ce ina da matasan malamai da na kasa koya wa, ina roƙon ya zo ya yi musu abin da na ga ya yi wa manoman nan.

"Ni da anka ce ban iya ba?"

"Ni na ban iya ba, Malam. Na gwada, ka ji yadda taƙ ƙare."

Kada ku ɗauka dabara na yi masa. Gaskiya ce tsagwaronta, shi ya sa ta shiga. Sai ya miƙo mini damin irin shinkafa. Na yi dashe da wandona na fita unguwa har azahar, bayana kamar zai tsinke. Sai da zan tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bokiti nawa gare ku ohis?"

Litinin bai koma shagon Emeka ba. Sati na gaba ya zo ɗakin taro da bokiti uku cike da ƙasa, ɗaya daga Zauro, ɗaya daga Gulma, ɗaya daga tudun bayan kwaleji. Na buɗe tagogi duka, majigi yana cikin akwatinsa. Malaman Turanci da na lissafi da na tarihi, wasu cikin farar shadda, ya sa kowa ya naɗe hannun riga. Da farko ana ta noƙewa, kafin rabin awa ɗaki ya kaure da gardama, wani dakta yana rantsuwa tasa ta lanƙwasu, na kusa da shi yana cewa yaudara ya yi. Da aka wanke hannu na yi musu tambaya ɗaya tak, na ce kowa ya faɗi abin da ɗalibinsa zai yi a gabansa, da hannu ko da baki, wanda zai nuna masa ya iya. Na zauna na yi shiru, su suka yi ta magana. Rabin yinin nan ya yi abin da kwana ukuna ba su yi ba.

Shi ma Malam ya ga abin da ya gani. Ya ga dakta da laka har gwiwar hannu, kuma ba abin da ya ragu daga girmansa. Ranar Litinin ya aiko a ce mini gobe in zo ajinsa. Na je na same shi na ce ina son in zo da shugaban kwaleji, in ya yarda, tunda gani ya kori ji. Ya ce in zo da shi.

Ba zan ce muku darasin ya tafi sumul ba. Littafin nan yana kan tebur, lokaci-lokaci hannunsa na kai wa gare shi yana janyewa. Ɗalibai sun kewaye bokitai suna taɓa ƙasa da kan yatsa kamar za ta cije su. Can wata yarinya daga baya, wadda zango guda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗago hannaye biyu duk laka.

"Malam, ni hwa ban gane bambancin wagga da wagga ba."

Shugaban kwaleji ya gyara zama kusa da ni. Ni kaina ban san yadda zai ɗauka ba, a gaban mai hukunci a kansa. Malam ya dube ta ya ce, "Taho nan, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka." Ya sa ta rufe ido, ya ɗora mata ɗaya a wannan hannu ɗaya a wancan, ya ce ta murza. Ta murza, ta sake murzawa, sai ta yi murmushi tun ido na rufe ta faɗi wadda ke da yashi. Daga nan hannaye suka tashi ko'ina. Lokaci ya cika ya wuce ba wanda ya motsa. Shugaba ya raɗa mini cewa in rubuta abin da na gani, ya fita ta ƙofar baya. Rahoton shafi ɗaya ne, ba kalma mai nauyi ko ɗaya, kuma kwas ya zauna hannun mai shi.

Na same shi a famfon bayan aji yana wanke hannu. Na zo da murnata zan gaya masa abin da shugaba ya ce, sai na ga fuskarsa ba ta murna ba ce.

"Bello, shekara talatin da ɗoriya suna ce mani sun gane."

"Haka na, Malam."

"Suna can makarantu ko'ina, suna karanta ma ɗiyan mutane abin da nik karanta musu."

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ruwa na ɗiga.

"Kai ma ajina kay yi. Kai ma ka ce ka gane."

"Na ce, Malam."

"Ka gane?"

"Haddacewa niy yi."

Ya kaɗa kai, ya rufe famfo.

"To, Assabar ka taho gona. Ka gaya ma 'yan ajinku, duk wanda kas san inda shike."

Mu bakwai muka je Asabar ta farko, har da shugaban wata sakandare da tumbinsa. Haka ya ci gaba duk lokacin dashe, har ya yi ritaya, har bayan ritayar, yana kiran tsofaffin ɗalibansa aji-aji. Ni dai a ranar sau huɗu ya sa na sake mulmula ƙasata kafin ta lanƙwasu.